Fannin da Ɗanmu Ya Zaɓa a Kwaleji, Shi Zai Dawo Mana da Shi Aji

Jawabin da ɗaya daga cikin malamanmu na firamare ya gabatar a taron reshen ƙungiyar malamai na Ajingi, wanda iyalan 'yan ƙungiya suka halarta



Muna gode wa Allah da ya tara mu lafiya, muna kuma gode wa shugabannin reshe da suka ba mu wannan dama. Bisa al'ada, idan muka haɗu irin haka, zancenmu ba ya wuce albashi da ƙarin girma da haƙƙin waɗanda suka bar aiki. Waɗannan kuwa haƙƙoƙi ne da ƙungiyarmu take fafutuka a kansu tun kafuwarta a 1931, kuma ba za mu daina ba. Sai dai yau an umarce mu da mu taɓo wani batu da yake cikin gidajenmu, wato fannonin karatun da ake koyarwa a kwalejojin da ke kusa da mu, da yadda 'ya'yanmu da ƙannenmu suke zaɓarsu.

Bari mu fara da kanmu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da yawa daga cikin mu da ke zaune a nan, waɗanda suka shiga kwalejin ilimi sama da shekara ashirin da suka wuce, ba mu muka zaɓi fanninmu ba. Mun je neman gurbi, aka ce ga inda ake da sarari, muka karɓa da godiya. Wani ya bi abokinsa, wani ya bi abin da yayansa ya karanta, wani kuma ya tambayi fannin da ba a cika faɗuwa ba. Muka yi shekara uku, muka fito da takardar shaidar malanta ta NCE. Ranar da muka kama aiki sai hedimasta ya miƙa mana alli ya nuna mana aji ɗaya, cike da yara 'yan shekara shida da bakwai, wasu ko riƙon fensir ba su iya ba. Mun san tarihin dauloli, mun san ma'anar tsimi da tanadi, amma ba mu san ta inda ake fara nuna wa yaro cewa baƙi da wasali suna haɗuwa su ba da gaɓa ba. Sai muka koma ga abin da aka yi mana muna yara: mu faɗa, su maimaita, mu sake faɗa, su sake maimaitawa, har a kaɗa ƙararrawa. Shekaru suka shuɗe kafin tarukan bita su koya mana abin da ya kamata mu fito da shi daga kwaleji. Yaran da suka ratsa ta hannunmu a waɗancan shekaru su suka biya kuɗin wannan koyo namu, kuma wannan nauyi ne da har yau muke jin sa.

Ba laifin kwaleji ba ne. Fannin da ya dace da mu yana nan a jerin, mu ne ba mu duba ba, kuma ba mu sami mai nuna mana ba. Abin da muke tsoro shi ne 'ya'yanmu su maimaita wannan kuskure alhali ga mu da rai, kuma mun riga mun san hanya.

A wasu ƙasashe, musamman Amurka, akwai wasu makarantu da ake kira kwalejojin al'umma. Ana yin shekara biyu a cikinsu, kuɗinsu da sauƙi, ɗalibi yana kwana a gidansu, kuma ana tsara darussansu bisa abin da garin yake bukata. Wanda ya gama yana iya kama aiki, yana kuma iya wucewa jami'a ya ƙarasa digiri. A nan ba mu da makaranta mai wannan suna, amma muna da masu yin wannan aiki, su ne kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha da na noma da na lafiya da na share fagen shiga jami'a. Su ne matakalar ɗan talaka. Ɗan Toranke ko Balare ko Gafasa da mahaifinsa ba zai iya ɗaukar nauyin jami'a kai tsaye ba, ta nan yake bi, ya ratsa Gaya, ya haye gadar Wudil, ya shiga birni.

Takardar NCE kanta tana da tarihi. Ta samo asali ne daga rahoton kwamitin Ashby na 1960, wanda ya ba da shawarar a samar da malamai masu matsakaicin ilimi tsakanin masu takardar Giredi Tu da masu digiri. Daga nan aka buɗe manyan kwalejojin horon malamai, ciki har da ta Zariya a 1962. Iyayenmu da suka koyar da mu yawancinsu 'yan Giredi Tu ne, kuma mu shaida ne cewa an horar da su musamman domin ajin firamare: sun iya rubutun allo, sun iya waƙar yara, sun iya haɗa kayan koyarwa da kara da laka da kwali. Da aka mayar da NCE mafi ƙarancin shaidar koyarwa, sai aikin da Giredi Tu take yi ya koma kan wasu fannoni ƙalilan a cikin kwaleji. Wanda bai san wannan ba zai ɗauka kowace NCE daidai take da 'yar uwarta a gaban ajin firamare, alhali ba haka abin yake ba.

Yanzu bari mu buɗe jerin mu duba. A jiharmu akwai Kwalejin Ilimi ta Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya mai koyar da fasaha da ke Bichi, da Kwalejin Aminu Kano ta Nazarin Addinin Musulunci da Shari'a, wadda aka fi sani da Ligal, da kwalejin ilimi da share fage da har yau mutane suke kira CAS. Tsohuwar Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Kabuga kuma an ɗaga ta zuwa jami'ar ilimi. Maƙwabtanmu na Jigawa suna da tasu a Gumel. Hukumar kula da kwalejojin ilimi ta ƙasa, wato NCCE, wadda aka kafa a 1989, ita take tsara manhajar NCE, saboda haka ginin karatun kusan iri ɗaya ne ko'ina, ko da yake ba kowane fanni ake samu a kowace kwaleji ba.

Akwai darussan da ba wanda yake tsere musu. Kowane ɗalibi zai karanta ilimin koyarwa, wato tarihin ilimi da falsafarsa, da halayyar yara da yadda suke koyo, da dabarun koyarwa, da auna fahimtar ɗalibai, da tafiyar da aji. Zai kuma yi darussan gama-gari kamar Turanci da lissafin yau da kullum da kwamfuta da ilimin zama ɗan ƙasa. Sannan zai fita koyarwar gwaji na tsawon zango guda, kamar waɗanda ake turo mana makarantunmu muna ba su aji. Bayan waɗannan ne hanya take rabuwa zuwa tsangayoyi.

Tsangayar harsuna tana da Hausa da Turanci da Larabci, wasu wuraren har da Faransanci da Fulatanci. Tsangayar kimiyya tana da Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji da Haɗakar Kimiyya da Kwamfuta da ilimin motsa jiki da lafiya. Tsangayar fannonin zamantakewa tana da Nazarin Addinin Musulunci da Tarihi da Labarin Ƙasa da Tsimi da Tanadi da Soshiyal. Tsangayar sana'o'i tana da Kimiyyar Noma da Tattalin Gida da Kasuwanci da Zane-zane, da fasahar katako da ƙarfe da lantarki da gini da kanikanci a inda ake da kayan aikinsu. A mafi yawan waɗannan, ɗalibi yana haɗa fanni biyu ne, kamar Hausa da Turanci, ko Lissafi da Fiziks, ko Larabci da Addini. Wasu kuma, irin su Noma da Tattalin Gida da Kasuwanci, saboda faɗinsu, su kaɗai ake ɗauka.

Sai kuma waɗanda muka zo dominsu, waɗanda ake tsallakewa idan ana karanta jerin. Na farko shi ne Nazarin Ilimin Firamare, wanda aka fi sani da PES. Shi ne magajin Giredi Tu na gaskiya. Ana koya wa ɗalibi yadda zai riƙe ajin firamare gaba ɗaya, ya koyar da karatu da rubutu da ƙidaya da kimiyyar farko da zamantakewa, gwargwadon hankalin yaro. Na biyu shi ne ilimin renon ƙananan yara, domin waɗanda ba su kai shiga aji ɗaya ba. Yau makarantunmu da dama suna da ajin share fage, amma sau da yawa wanda ake turawa can shi ne malamin da aka rasa inda za a kai shi, alhali icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na uku shi ne ilimin masu bukata ta musamman. Kowannenmu ya taɓa samun yaro a bayan aji wanda aka yanke wa hukuncin daƙiƙanci, daga baya aka gane kunnensa ne ba ya ji sosai, ko allon ne ba ya gani. Makarantar Tudun Maliki da ke birni ba za ta ɗauke yaran jiha duka ba, kuma ba kowane uba ne zai iya rabuwa da ƙaramin yaro ya kai shi nesa ba. Malami ɗaya mai wannan horo a kowace mazaɓa zai ceci yara da yawa. Na huɗu shi ne ilimin manya, wanda yake da amfani ga azuzuwan yaƙi da jahilci da makarantun matan aure.

Me ya sa ake gudun waɗannan fannoni? Mun sha jin matasa suna cewa PES karatun marasa ƙoƙari ne, wai wanda ya yi shi ya ɗaure kansa a firamare har abada. Abin takaici, wani lokaci daga bakinmu suke jin haka. Idan mu da muke cin abinci da firamare muna raina fannin firamare, wa zai girmama shi? Gaskiyar magana ita ce mai wannan takarda yana iya wucewa jami'a ya yi digiri a fannin ilimi kamar kowa, kuma a matakin albashi ɗaya ake ɗaukar sa da sauran masu NCE. Bambancin kawai shi ne ranar da aka miƙa masa alli ya san abin da zai yi da shi.

Haka nan ake gudun Lissafi da kimiyya, kuma wannan ciwo zagaye yake yi. Yaro bai sami malamin lissafi na kirki a firamare ba, sai ya shiga sakandare yana tsoron lissafi. Da ya isa aji ɗaya na babbar sakandare sai ya gudu ajin da ba kimiyya. Ya zo kwaleji ba shi da kiredit ɗin da zai ba shi Lissafi ko Fiziks, sai ya ɗauki abin da ya samu. Bayan shekara uku ya dawo garinsu malami, aka ba shi lissafin aji biyar saboda ba wani, ya koyar da shi cikin tsoro, yara suka gaji tsoron. Shugabannin makarantu da ke nan sun san yadda ake fama wajen raba jadawali: a sami mutum uku ko huɗu masu fanni iri ɗaya, a rasa ko ɗaya mai Lissafi ko Turanci. Malamin da aka turo daga nesa kuwa, da wuya ya shekara biyu bai nemi canjin wurin aiki ba, kuma ba za mu zarge shi ba, kowa yana son kusa da iyalinsa. Wanda zai zauna da mu shi ne ɗan gida. Saboda haka malamin lissafin Kunkurawa na shekara goma masu zuwa yana nan yanzu a wani aji na sakandare a ƙasar nan, kuma abin da ya zaɓa bana shi zai nuna ko za a same shi.

Kada a fahimce mu da cewa muna raina Hausa ko Larabci ko Addini. A baya, manufar ilimi ta ƙasa ta daɗe tana cewa a fara koyar da yaro da harshen da ya tashi da shi, kuma ko manufofi sun yi ta sauyawa, yaron da ya shigo aji ɗaya a Ajingi da Hausa ko Fulatanci yake shigowa. Malamin Hausa da ya ƙware a koyar da karatu shi ne harsashin duk abin da za a ɗora daga baya. Abin da muke cewa shi ne a shiga fanni saboda ana son sa kuma an san amfaninsa. Wanda ya fake a Hausa don gudun wahala zai cutar da Hausar, ya kuma cutar da yara.

Dole mu yi magana a kan 'ya'yanmu mata. Duk wanda ya koyar a ƙauye ya san cewa idan akwai malama a makaranta, iyaye sun fi sakin jiki su bar yarinya ta kai aji shida. Haka kuma matanmu sun fi son su tarar da mace a ɗakin awo da ɗakin haihuwa. Amma malama da ungozoma ba daga sama suke faɗowa ba, daga gidan wani suke fitowa. Idan kowa ya ce ba 'yarsa ba, to, 'yar wa? Mu malamai mu ya kamata mu fara. Akwai makarantar ungozoma a Dambatta, akwai ta aikin jinya a Madobi da cikin birni, akwai kwalejin kimiyyar lafiya da ke horar da ma'aikatan lafiyar al'umma waɗanda su ne suke riƙe da ƙananan asibitocinmu. Dukkansu suna neman kiredit a darussan kimiyya, wanda yake nufin shawarar tana farawa ne tun yarinya tana ƙaramar sakandare. Aure ma ba ya rufe ƙofar, domin muna da abokan aiki a wannan zaure da suka yi karatunsu da goyo a baya.

Ba kowane yaro ne zai zama malami ba, kuma bai kamata mu tilasta wa kowa alli ba. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano tana da makarantar fasaha da ta harkokin gudanarwa a birni, da ta nazarin muhalli a Gwarzo, da ta fasahar karkara da sana'o'i a Rano. Ana yin shekara biyu a sami difloma ta ƙasa, a fita shekara guda ta sanin makamar aiki, a dawo a yi wasu biyu a sami babbar difloma. Kwalejin Noma ta Audu Bako da ke Dambatta tana koyar da fasahar noma da lafiyar dabbobi da gandun daji. Mu da muke noma gero da dawa da gyaɗa da wake, muke kuma kai dabbobi kasuwar Wudil ranar Juma'a, bai kamata a ce sai mun nemo mai duba lafiyar shanunmu daga wani gari ba. Tarihi ya nuna cewa maƙeran da suka fara zama a gindin Dala, wato Abagayawa, daga Gaya suka tashi suna neman tama. Jikokin maƙera ba su da dalilin jin kunyar karatun ƙarfe da lantarki. Wanda kuma burinsa jami'a ne amma bai sami gurbi ba, akwai shirin IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello take kula da shi, wanda yake kai ɗalibi aji biyu na jami'a idan ya ci. Ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote a Wudil, ga ta Tarayya a Dutse, duk a maƙwabtanmu.

Akwai ramuka uku da muke so iyaye su kiyaye. Na farko, a daina barin mai shagon intanet ya zaɓa wa yaro makomarsa. Mun san wani ɗalibinmu mai kaifin lissafi, wanda tun yana aji huɗu yake gyara mana kuskure a allo. Ranar cike fom ya ba da kuɗi da takardunsa ya tafi gona, mai shago ya cike masa abin da ya saba cike wa kowa. Sai da sunansa ya fito ya ga fannin da bai taɓa mafarki ba. Ya yi shi don kada kuɗin mahaifinsa su tafi a banza, kuma yau makarantar garinsu ba ta da malamin lissafi. Na biyu, a duba kiredit kafin a duba fanni. Yawancin kwasa-kwasan nan suna neman kiredit a darussan da suka dace da fannin. Wanda bai cika ba ya tambaya ko akwai shekarar share fage, ko ya sake zama jarrabawa, domin shekara ɗaya ta gyara ta fi shekara uku a hanyar da ba ta ɓullewa. Na uku, a tabbatar hukuma ta amince da makarantar da kuma kwas ɗin kansa, NCCE ga masu NCE, NBTE ga masu difloma, sannan a tabbatar gurbin ya bi ta hannun JAMB. Akwai masu sayar da akuya da hatsi su biya kuɗin makaranta, a ƙarshe su karɓi takardar da ba a ɗaukar aiki da ita, ba a kuma ci gaba da karatu da ita. Matambayi ba ya ɓata.

Mu ma da muke bakin aiki ƙofa ba ta rufe mana ba. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wato NTI, wadda aka kafa a 1976, tana da karatun ƙarshen mako. Akwai digirin da ake yi lokacin dogon hutu, akwai na wucin gadi a Jami'ar Bayero, akwai kuma jami'ar karatu daga gida. Rajista da hukumar TRCN ita ma wajibi ce ga wanda bai yi ba. Amma idan za mu koma, mu tuna cewa digiri yana bin sawun fannin da aka yi a NCE ne, kuma mu zaɓi abin da zai ƙara mana iya aiki a ajin da muke shiga kowace safiya, ban da ƙarin matakin albashi da muke fata.

A ƙarshe muna miƙa wa reshe roƙo huɗu. Na ɗaya, kowane shugaban makaranta ya rubuto darussan da ba shi da malaminsu, a tattara a ofishin reshe, domin mu san gibinmu da alƙalami maimakon ƙiyasi. Na biyu, a kafa ƙaramin kwamiti na masu ba da shawara, maza da mata, waɗanda za su riƙa ziyartar ɗaliban aji uku na ƙaramar sakandare kafin su rabu zuwa ajin kimiyya da sauran azuzuwa, su kuma zauna da iyaye lokacin sayar da fom. Na uku, reshe ya nemi zama da ƙaramar hukuma da masu hannu da shuni na ƙasar nan, a roƙe su idan za su tallafa wa ɗalibai su fifita fannonin da muka rasa, bisa alƙawarin ɗalibi zai dawo ya koyar a gida na wasu shekaru. Gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, saboda haka idan an zo ɗaukar malamai, ya kamata a tarar da 'ya'yanmu riƙe da takardun da ake nema. Na huɗu ya rataya a wuyan kowannenmu: kafin ɗanka ko ƙanwarka ko ɗalibinka ya cike fom, ku zauna a tabarma ɗaya, ku karanta jerin fannonin tun daga farko har ƙarshe, ka tambaye shi abin da yake so da abin da ya iya, ka kuma gaya masa abin da garinsu ya rasa.

Mu an miƙa mana alli ba mu shirya ba, muka koya a kan 'ya'yan mutane. Muna roƙon Allah ya yafe mana abin da muka gaza, ya ba mu ikon shirya waɗanda za su karɓe mu. Allah ya saka wa iyayenmu malamai da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya albarkaci zuri'armu, ya mayar da kowa gidansa lafiya.